Arzika Mai Toka da Ƙa'idar Marina

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari tun zamanin da rini ke ci da mutane. Sunansa Arzika. Shekara ashirin yana kai toka marina, ita ce ake haɗawa da baba, wato shuni, kafin rijiyar rini ta kama. Ku saurara da kyau.

Su marinan suna da ƙa'ida: duk wanda aka yi wa rasuwa a cikinsu, ranar ba a aiki. Su za su haƙa kabari, su za su ɗauki makara.

Wata safiya Arzika ya zo ba kwando a kansa. Ya durƙusa gaban Barau, Sarkin Marina.

"Ranka ya daɗe, mai ɗakina ta rasu da asuba."

Barau ya ce, "Allah ya jiƙanta." Ya dubi tulin tufafin fatake da ke jiran rini, ya kau da kai. "Sai dai ka sani, ƙa'idar nan ta masu rijiya ce. Kai ba ka da rijiya."

Arzika ya ce, "Haka ne." Ya tashi. Shi da wani tsoho maƙwabcinsa suka haƙa kabarin nan, su biyu rak.

Barau bai ji daɗin ransa ba, amma wallahi ba don mamaciyar ba. Tsoronsa kada mutumin ya yi fushi. In toka ta yanke, baban da aka jiƙa ya lalace, fatake su kwashe kayansu. Har ya fara shirya kalaman ban haƙuri.

Kwana biyu, jama'a, kwana biyu kacal, sai ga Arzika da kwando a kai, tafin hannunsa duk ya ɗaye saboda haƙa.

"Sarki, na tuna baban nan ba zai jira a gama zaman makoki ba."

Barau ya rasa inda zai sa idonsa. Da ma zaginsa aka yi, da ya fi masa sauƙi. Da ƙyar ya ce, "Daga yau rijiyar gabas taka ce. Ka zama namu."

Arzika ya sauke kwandon a hankali. "Ranka ya daɗe, ni ai sai shekaranjiya na san ni ba naku ba ne. Bar rijiyar, ban iya rini ba. Amma akwai mabuga biyu can bayan katanga suna buga muku tufafi. Su ma suna da iyali, a sa su cikin ƙa'idar."

Barau ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska, ya yi kuka gaban yaransa.

To, 'yan'uwa, ƙa'ida aba ce mai kyau, ita ke riƙe jama'a. Amma in ta zama mafakar gudun haƙƙin wanda ke yi maka wahala, zalunci ce, kuma Allah zai tambaya. Kowannenmu yana cikin wata ƙungiya, ta kasuwa, ta tasha, ta masallacin nan ma. Wa ke share muku wuri? Wa ke kawo muku ruwa? Da aka yi masa rasuwa bara, wa ya je a cikinmu?

Ni dai ban je ba.