Shekarar da Aka Kori Jaki Daga Gayya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Iya.

A zamanin da, lokacin da rumbu ɗaya ke ciyar da gari, dabbobi gayya suke yi. Gafiya ta yi huɗa, Zabuwa ta yi shuka. Shi kuwa tsoho Jaki bai iya riƙe fartanya ba, sai dai ya bi kunyoyi yana zuba kashi, in an kawo fura ya sha.

Rannan Kura ta ce, "Baba, ɓata gona da shan fura ne aikinka? Tafi gida."

Jaki ya ce, "To, Allah ya ba da damina."

Ya koma turkensa, abin yana cin ransa. A shekarar nan gero bai wuce gwiwa ba, yunwa ta shigo gari. Amma geron da ya tsiro a bakin turken Jaki, zangarniyarsa ta kai damtse.

Da Zabuwa ta gani sai ta tara jama'a, suka je suka durƙusa. Ta ce, "Baba, ka yafe mana."

Jaki ya ce, "Ku tashi, ai duk na tara muku takin. Ku kawo mangala. Amma Kura ce za ta loda."

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, furar gayya ta ƙare.