Rabin Rumfar Barmo

Ku gyara zama. Kai mai latsa waya, ajiye ta. Yau ba labarin dariya na zo da shi ba. Shari'a na kawo muku, kuma ba mai tashi daga tabarmar nan sai ya yanke nasa hukuncin.

A kasuwar Rafin Kuka akwai layin 'yan hatsi, inda na yi shekara talatin ina awo. Muna zamanmu lafiya, muna biyan ɗan kuɗin rumfa, maharba huɗu 'yan gari suna yi mana gadi, ko tsinke ba ya ɓata. Kwatsam aka wayi gari wai hukuma ta ba wani kamfani hayar kasuwar ɗungurungum, har shekara ashirin da biyar. Ba wanda ya tambaye mu. Aka kawo takarda shafi goma sha biyu da Turanci, rubutu ƙanana kamar jerin tururuwa. Mu kuwa al'adarmu, duk abin da Sarkin Kasuwa ya dangwala wa yatsa, kowa sai ya dangwala. Haka muka bi layi muka dangwala, ba wanda ya ce a karanta masa. Har gobe in na kalli babban yatsan nan nawa sai haushi ya kama ni.

Wata bai cika ba kuɗin rumfa ya ninka uku. Aka sallami maharbanmu, aka kawo wasu ƙarti masu baƙin kaki da kulki, aka ce mu riƙa biyan kuɗin gadi duk mako. Gadin me? Ba mu san sata a layinmu ba sai da suka zo. Ka rufe rumfa da buhu goma, ka dawo ka tarar da takwas, in ka kai ƙara a ce kamfani ba ya ɗaukar asarar kowa, yana cikin takarda. An ba kura ajiyar nama, kuma mu ke biyan ta ladan ajiyar.

Barmo mai gero sau uku ana yi masa haka. A na ukun ya tsaya yana kallon gurbin buhunansa, ya dafa ƙyaure, ya sulale ƙasa. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Ya bar matarsa Gaje da 'ya'ya biyar, ba gona, ba gida sai na haya. Duk abin da suka mallaka a duniya rumfar nan ce.

To, a layinmu in ɗan kasuwa ya rasu, rumfarsa a rufe take zama har sadakar arba'in. Ba mai taɓa kwaɗon. Girmamawa ce ga mamaci, kuma kariya ce ga marayu, don kar wani ya sa hannu a kayansu kafin a raba gado. Mabuɗin ma ƙanen Barmo ya tafi da shi ƙauye, tafiyar yini guda. Gaje tana ɗaki tana takaba. Mu kuma muna wucewa ta gaban rumfar muna yi masa addu'a, muna ganin mun yi abin kirki.

Na farko cikin mutanen da za ku yi wa shari'a shi ne Cindo mai wake. Ya taɓa yin masinja a kotu, don haka yana ɗan karanta boko. Shi ya lura an shafa jan fenti a ƙyauren Barmo. Ya tambayi masu gadi, suka yi masa dariya. Sai ya tafi ofis ya ce a ba shi kwafin takardar da muka dangwala wa yatsa, don ko mutum ɗaya ba a ba ba. Aka ce ya dawo gobe. Ya ƙi tafiya. Kwana biyu yana zuwa yana zama a benci tun safe, cinikinsa yana wucewa, har akawun ya gaji ya wurgo masa ita. A shafi na tara ya ga abin: duk rumfar da ta yi kwana ashirin da ɗaya a rufe ta koma hannun kamfani, da ita da abin da ke cikinta. Ya ƙirga da yatsu, ya ga ranar ce ta ashirin da ɗaya, kuma ƙarfe huɗu ake rufe ofis. Bai tsaya raɗa wa kowa ba. Ya hau kan tulin buhuna a tsakiyar layi, ya karanta da ƙarfi yana mayarwa Hausa, har muryarsa ta dushe. Ba don Cindo ba, da sai dai mu ga baƙo yana share rumfar.

Na biyu Jatau mai dawa, wanda da dako ya fara kafin ya sami rumfa. Da muka ji abin da ke cikin takarda, duk sai muka tsaya muna salati, har da ni. Ba a isa a je ƙauye a dawo ba, kuma ba mai son a ce shi ya ɓalle kwaɗon mamaci. Sai Jatau ya miƙe. Ya je wurin maƙera ya aro guduma, ya zo ya doke kwaɗon sau biyu. Dattawa suka hau shi da Allah ya isa, wasu suna ce masa ɓarawon kayan marayu. Masu gadi suka rufe shi da duka. Ya zauna a bakin ƙofar ya rungume ginshiƙi, suka yi ta jibgarsa har suka karya masa hannun dama, bai saki ba. Da hannun hagu ya ɗebi mudu ɗaya na gero, jini yana bin gemunsa, ya sayar wa wata mata a gaban kowa, don a shaida rumfar ta yi ciniki a ranar. Ba don Jatau ba, da karatun Cindo ya zama ihu bayan hari.

Ta uku Ladingo, tsohuwa mai daddawa da kuka a ƙarshen layi. Da manajan kamfanin ya ga an buɗe, sai ya yi murmushin mugunta ya ce to an buɗe, amma mai sunan da ke takarda ya mutu, sai magajiya ta zo da kanta ta dangwala, ta kuma biya hayar wata uku kafin ƙarfe huɗu. Ya san mai takaba ba ta zuwa kasuwa, ya san kuma gidan ba ko sisi. A lokacin ƙarfe biyu ta gota. Ashe da safiyar ranar Ladingo ta kwashi adashenta, wanda za ta biya hayar tata rumfar da shi. Ta ƙulle shi a bakin zane, ta hau a-daidaita-sahu sai gidan Gaje. Dangin miji suka tare ƙofa, suka ce ba inda za ta. Ladingo ta ce, "Ni nan sau biyu na yi takaba, ba ku za ku koya mini ita ba. Lalura ce, kuma da rana ne. In rumfar nan ta tafi, a cikinku wa zai ciyar da yara biyar? Ku faɗa mini sunansa in koma. Ba ku da shi? To ku matsa mini!" Ta lulluɓe Gaje da nata mayafin, ta jawo ta tana kuka. Saura minti biyar huɗu ta cika Gaje ta dangwala, Ladingo ta kwance bakin zane. Ba don ita ba, da karatun Cindo da karayar Jatau duk sun tashi a banza.

Rumfa ta tsira. Mu 'yan layi muka riƙa buɗe ta bi da bi har Gaje ta fita takaba. Amma kuna tsammani azzalumi yana mantuwa? Mako bai zagayo ba da ɓalle kwaɗon sai ga jan fenti a ƙyaure uku. Cindo, wai ya tara jama'a ba izini. Jatau, wai ya lalata kayan kamfani, don ashe ƙyauren da Barmo ya sa da kuɗinsa ma ya zama nasu. Ladingo kuwa hayarta ta wuce lokaci da kwana uku. Duk yana cikin takarda. Muka ɗunguma wurin Sarkin Kasuwa, ya sunkuyar da kai ya ce shi ma yatsansa yana kan takardar. Wallahi ranar na ji kamar in cinna wa ofishin nan wuta, tsoron Allah kawai ya riƙe ni. Aka fitar musu da kayansu a rana tsaka, muna tsaye muna kallo.

Yanzu Cindo yana talla da faranti a tasha, ga mahaifiya makauniya a gida, ga 'ya'ya biyu da aka koro daga makaranta. Jatau ɗorin bai kama daidai ba, ko dakon da ya baro ba zai iya komawa ba, kuma iyalinsa takwas. Ladingo ta haura saba'in, tana riƙon jikoki uku marayu, tana shimfiɗa buhu a bakin kwata masu gadi suna korar ta. Cikinsu ba wanda ya taɓa zuwa ya ce wa Gaje ki tuna da ni.

Rumfar Barmo mutum biyu take ɗauka, kuma takardar ta yarda mai rumfa ya ƙara suna ɗaya, ba biyu ba. Jiya Gaje ta same ni a gida, ta durƙusa ta ce, "Baba, na kasa ci na kasa sha. Duk wanda na rubuta, na ci amanar biyu. Kai ka zaɓa mini." Na ce ta ba ni zuwa Alhamis.

Shi ya sa na tara ku. Kar wani ya ce mini a raba uku, ba za ta rabu ba. Wanda ya gano, wanda ya ɓalle, da wadda ta biya: to, sunan wa Gaje za ta rubuta?