Sarki Jatau da Tunau Mai Jirgi

Ku gyara zama, jama'a. A zamanin da, an yi wani sarki, Jatau, mai kyauta, mai son adalci, sai dai Allah bai ba shi haƙurin jin ƙarshen magana ba. Ka buɗe baki ka ce, "Ranka ya daɗe, akuyata..." sai ya ɗaga hannu: "Na gane. A ba shi akuya." Kai kuwa ka zo ne ka ce ta ci maka riga.

A ƙasar kuma akwai al'ada: talaka in zai yi magana gaban sarki, da laifinsa yake farawa, alherinsa ya biyo baya, don kada a ce yana yabon kansa.

Ran nan Tunau, mai haye da mutane a kogi, ya faɗi gaban Sarki, rigarsa sharkaf. "Allah ya ja zamaninka, na kwaɗa wa ɗanka Ciroma sandar tuƙi a ka..."

"Na gane. Ku ɗaure shi. Gobe da la'asar a kore shi daga ƙasata, shi da iyalinsa."

Waziri Barmo ya bi shi kurkuku ya ji sauran maganar, ya dawo yana haki. "Zaki, mutumin nan..."

"Na gane, tausayinsa kake ji."

"Ba haka ba, ranka ya daɗe, Ciroma..."

"Na gane, za a nemo mai magani."

Waziri ya fita yana cizon yatsa. Ya tara bayin fada, ya raɗa musu wata magana. Shamaki ya ce, "Waziri, in aka tashi yanka fa?" Ya ce, "Wuyana ne a gaba, naku na baya."

Gari ya waye, Sarki ya ce, "Ku kawo mini..."

"Mun gane, ranka ya daɗe." Aka jawo masa doki har bakin shimfiɗa, alhali ruwan wanka yake so.

"Ba doki ba, cewa na yi..."

"Mun gane." Sai ga wanzami da aska.

Haka aka yi ta yi. Ya nemi fura, aka kawo makaɗa. Ya nemi a kori makaɗa, aka ƙaro masu algaita. Kafin azahar bai yi wanka ba, bai karya ba, an aske masa kai, muryarsa ta dushe.

Ya kama hannun Waziri. "Barmo, don Allah, ka bari in kai ƙarshe."

Waziri ya durƙusa. "Ina saurare, Zaki."

Sarki ya zazzage duk abin da ke cikinsa, Waziri bai ko yi tari ba. Da ya gama ya ce, "Ranka ya daɗe, ni na sa su, hukuncin nawa ne. Rabin wuni ka ɗanɗana, mu shekara da shekaru muna sha. Ga wani can a ɗaure da rabin magana a bakinsa."

Sarki ya ce a kawo Tunau. Da aka kawo shi, Sarki ya ja amawali ya toshe bakinsa don kada ya katse shi.

Tunau ya ce, "Na kwaɗa masa sanda, gaskiya ne. Ya faɗa ruwa ne daga jirgi, na miƙa hannu, ya shaƙe ni zai ja mu ƙasa tare. Da ya sake ni na jawo shi gaɓa. Lafiyarsa lau, sai ƙulu a goshi."

Sarki ya sa aka kwance shi, ya yafa masa alkyabbarsa, ya roƙi gafararsa gaban fadawa. Sannan ya ce, "To, ina Ciroman?"

Waziri ya ce, "Yana tsallaken kogi tun jiya, ranka ya daɗe, inda Tunau ya bar shi ya zo kawo maka labari, yana jiran jirgi. Mai jirgin kuwa a kurkukunka ya kwana."

Nan na tsaya, kuma na gode da ba wanda ya katse ni.