Ciwon Maikano a Fayil ɗin Badamasi

Akwai wani tela ɗan Gwarzo mai suna Badamasi, wanda ya shafe shekara goma sha tara a Riyad. Yana zaune a unguwar Jaradiya da matarsa Turai, yana ɗinkin jallabiya a wani shago a Suwaidi. Duk wanda ya san shi zai gaya maka abu biyu: hannunsa na da kyau a ɗinki, kuma bai iya cewa a'a ba. Na biyun nan ne ya ja masa abin da zan ba ku labari, kuma ni dai har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

A shekarar 2012 wani ɗan garinsu mai suna Maikano ya faɗo Riyad neman aiki. Kafilinsa, wato Balaraben da ya ɗauki nauyin zamansa, ya yi watsi da shi. Bai sabunta masa iƙama, wato takardar izinin zama, ba, balle ya yanka masa katin inshorar lafiya. Badamasi ya shimfiɗa masa katifa a falonsa, Turai kuma ta ƙara hannu a tukunya.

Wata rana Maikano ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar masallaci. Da aka kawo shi gida yana riƙe da kai, sai ya kama ƙafar Badamasi.

"Yaya, ka rufa min asiri. In na je asibiti da matacciyar iƙama, daga can sai gidan tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora, daga tarhil sai Kano. Ka ara min katinka."

Ga waɗanda ba su san zaman can ba, aron kati tsohuwar ɗabi'a ce a tsakanin mutanenmu. Mai karɓar marasa lafiya a ƙananan asibitocin unguwa ba ya ɗaga kai ya dubi fuska. Ko ya ɗaga ma, a idonsa duk baƙar fata ɗaya ce.

Turai ta ce, "Malam, ni dai raina bai kwanta da wannan ba."

Badamasi ya ce, "Mutum na kwance a gabana, Turai. Kati ya fi rai ne?" Ya zaro shi daga aljihu ya miƙa.

Sau biyar Maikano ya je asibitin nan da sunan Badamasi. Aka gano yana da hawan jini mai tsanani, har ya fara taɓa masa ƙoda. A zuwansa na uku aka yi masa wata allura, maƙogwaronsa ya kumbura, da ƙyar aka ceto numfashinsa. Likita ya rubuta da jan biro cewa kada a sake yi wa wannan mutum irin allurar nan har abada. To, wane mutum? Sunan da ke saman takardar dai Badamasi ne. Maikano ya riƙa jefar da takardun a falo, Turai na tsincewa tana tarawa a wata leda.

Daga baya Allah ya buɗa wa Maikano. Ya samu sabon kafili, ya shiga wani kamfanin gine-gine, kafin shekara uku ya zama shugaban leburori. Ya kama gida a unguwar Malaz, ya ɗauko matarsa Rekiya daga gida. Hanyar Jaradiya kuwa ta ɓace masa. In sun haɗu a masallacin Juma'a, da yatsu biyu yake gaisawa yana duba agogo.

A 2016 aka sayar da shagon da Badamasi ke aiki, ya koma hannun sabon kafili da sabon kamfanin inshora. Aka ba shi fom. Tambaya ta ce ko yana da wani ciwo da ya daɗe yana fama da shi. Ya ce babu, kuma gaskiya ya faɗa.

Wata takwas bayan haka, yana kan keken ɗinki, almakashi ya suɓuce daga hannunsa. Ya sunkuya zai ɗauka, bai tashi ba. Shanyewar ɓarin jiki ce, ta kama ɓangaren dama.

Asibitin gwamnati sun yi ƙoƙari, kada a ci haƙƙinsu. Sun karɓe shi a gaggauce, sun riƙe shi mako uku har bakinsa ya buɗe. Sai likita ya kira Turai gefe.

"Mun ceto ransa, amma hannun da ƙafar suna bukatar gashi da motsa gaɓɓai kullum a cibiyar da aka ware don haka, har wata shida. Watannin farkon nan su ne komai. In suka wuce, abin da ya mutu ya mutu. Doguwar jinya irin wannan kuma, ga baƙo, ta hannun inshorarsa take bi."

Turai ta ce alhamdu lillahi, ai suna da kati. Kwana tara bayan haka amsa ta fito: kamfani ya ƙi biya. Sun binciko tsohon fayil, sun ga wai Badamasi na da hawan jini tun 2012, ya ɓoye musu a fom.

Ta ɗauki ledar takardun nan ta je ofishinsu, ta yi bayani da Larabcinta na kasuwa. Ba ta ɓoye komai ba, har laifin mijinta na ba da aron kati ta faɗa. Ma'aikacin ya ci gaba da danna kwamfutarsa.

"Kowa haka yake cewa, Hajiya. In da gaske ne, ki kawo mai ciwon ya sa hannu, a gwada shi. Za a ci su tara su biyun, amma za a sake duba maganar. In ba haka ba, halas, magana ta ƙare."

Sa hannu ɗaya ke nan tsakanin tela da hannunsa na dama.

Washegari da hantsi ta hau tasi zuwa Malaz. Rekiya ta tarbe ta da gahawa da dabino, yarinyar kirki, ba ta san komai a kan zancen ba. Maikano ya bar ta zaune kusan awa ɗaya kafin ya fito yana gyara hula. Ya aiki matarsa kicin, sannan ya saurari Turai yana wasa da makullin mota.

"Wane kati kuma?" ya ce. "Ni tunda na zo ƙasar nan ko maganin ciwon kai ban taɓa sha ba. Je ki duba fayil ɗina a kamfani, tas yake."

"Maikano, ni ce fa. Ni na dama maka kunu ranar da maƙogwaronka ya kumbura."

"Hajiya, ki yi hankali da bakinki. Kin san abin da maganar nan za ta ja min? Aikina, iƙamata, iyalina. Shi Malam Badamasi wa ya tilasta shi? Ba yaro ba ne."

Kun ji fa. Wanda jiya yake "Yaya" ya koma "Malam Badamasi". Ya zaro riyal ɗari biyu ya ajiye a kan tire, wai a saya wa mara lafiya lemo. Turai ta tashi ta bar masa kuɗinsa kusa da dabinonsa.

Wallahi wannan wurin ne ke ci min rai. Tsoro ba laifi ba ne, duk wanda ya yi zaman ƙasar mutane ya san tsoron rasa iƙama. Da ya ce yana tsoro, a ba shi lokaci, da an fahimce shi. Amma ka shafa wa idonka toka, ka dubi matar da ta ciyar da kai, ka ce ƙarya take? Wannan ba tsoro ba ne, rashin mutunci ne tsagwaronsa.

Dattawan Jaradiya sun je masa sau biyu. Na farko ya ce yana wurin aiki, na biyu ya kashe waya.

Haka aka dawo da Badamasi gida. Turai ta zama likita ta zama mai gasa masa jiki: ruwan zafi, tawul, man zafi, safe da yamma. Ƙafar ta ɗan fara motsi. Hannun kuwa kullum ƙara naɗewa yake, yatsun suna dunƙulewa cikin tafi. Wani lokaci sai ta tarar da shi yana ƙoƙarin saka zare a allura da hannun hagu, ya kasa, ya juya fuska bango. Sabon kafilin ma ya fara zancen ba zai iya riƙe telan da ba ya ɗinki ba.

A wata na biyar, wata Alhamis bayan la'asar, wayar Turai ta yi ƙara. Rekiya ce, tana kuka.

"Yaya Turai, maigidan ya faɗi a wurin aiki. Muna asibiti, ba ya magana. Likitoci suna ta tambayata ko yana da wani ciwo, ko akwai maganin da jikinsa ba ya so. Sun duba fayil ɗinsa ba komai a ciki. Ni ban sani ba, bai taɓa gaya min ba. Ku da kuka zauna da shi, ko kun san wani abu?"

Turai ta ce za ta kira ta, ta kashe wayar. Ta san komai. Wata biyar tana yawo da ledar nan daga ofis zuwa ofis, ta haddace abin da ke ciki, har layin jan biron nan.

Badamasi ya ji duk abin da aka faɗa. Da harshensa mai nauyi ya ce, "Ɗauki ledar ki kai musu."

"Ba zan kai ba, Malam. Ai ya ce fayil ɗinsa tas yake. To, su yi masa magani da tas ɗin."

"Turai."

"Dubi hannunka. Dubi shi da kyau, sannan ka ce in je."

Ya dubi hannun ya daɗe. Sannan ya ce, "Na gani. In suka yi masa allurar nan ya mutu, mu da muka sani muka yi shiru, me za mu ce wa Allah? Shi ya yi nasa. Kada mu zama shi."

Ta sa abaya tana hawaye, kuma ba na tausayi ba ne, na takaici ne. Duk hanyar tana faɗa ita kaɗai a bayan tasi. Amma ta je.

Da likitan ya karanta takardun, sai ya tsaya a kan jan layin, ya juya da sauri ya sa aka canza maganin da aka riga aka rubuta. Sannan ya dubi sunan da ke sama, ya dubi wanda ke kwance.

"Wannan takardar wa?"

Turai ta ce, "Sunan mijina ne. Ciwon kuma na wannan ne."

Aka gwada, komai ya yi daidai: rukunin jini, hawan jinin, ƙodar. Likita ya rubuta rahoto. Abin da Maikano ya ƙi sa wa hannu, jikinsa ya ba da shaida a kai yana kwance bai sani ba.

Ya rayu, amma ƙodarsa ta gama lalacewa, domin shekara huɗu yana ɓoye ciwon don kada kamfani ya sani. Zai riƙa wankin ƙoda sau uku a mako. Da maganar ta je wa tasa inshorar, sai suka ba shi irin amsar da aka ba Badamasi, kalma da kalma: ya ɓoye tsohon ciwo a fom. Bambancin kawai, a kansa gaskiya ce.

Shi kuwa Badamasi, an ci shi tara kan ba da aron kati, ya amsa laifinsa. Aka wanke fayil ɗinsa, aka kai shi cibiyar gashi a wata na bakwai. Ƙafar ta dawo, yana tafiya da sanda. Hannun, likita ya ce an makara.

Kafin a mayar da Maikano gida Najeriya, ya aiko Rekiya ta roƙi Badamasi ya zo. Turai ta ce ita ƙafarta ba za ta taka ba, kuma ni ban ga laifinta ba. Badamasi ya dogara sandarsa ya tafi.

Ya tarar da shi ya rame, igiyoyin na'ura a jikinsa. Maikano ya fashe da kuka, ya miƙo hannu.

"Yaya, ka yafe min. Ka ba ni hannu mu gaisa."

Badamasi ya jingine sandarsa a jikin gado. Ya sa hannun hagu ya ɗago na daman, busasshe, yatsun a dunƙule, ya ɗora shi a tafin Maikano.

"Na yafe maka," ya ce. "Ga shi, riƙe shi da kyau. Shi ne ya miƙa maka katin."

Darasi: Kada tausayi ya sa ka ba da aron katin lafiyarka. Abin da aka rubuta da sunanka yana nan yana jiranka ranar da doguwar jinya za ta kama ka. In za ka taimaki ɗan'uwa, ka nemi hanyar da ba za ta kwantar da kai ba. Kai kuma da aka rufa wa asiri, in ranar faɗin gaskiya ta zo, ka faɗe ta da bakinka tun tana da amfani ga wanda ya taimake ka. Ku tura wannan ga 'yan'uwanmu da ke zaman ƙasar waje, musamman wanda kuka san katinsa na yawo a aljihun wani.