Farantin da Najiba ta ƙi ɓoyewa

Akwai wata ɗaliba 'yar Daudawa mai suna Najiba, da ke digiri na biyu a jami'a. Bincikenta a kan wani maganin feshi ne da manoman garinsu ke sheƙa wa gona ba safar hannu.

A ɗakin gwaji tana rainon ƙwayoyin jikin mutum a faranti. In ta ɗiga musu maganin, sai wasu ƙwayoyin gado masu jawo kumburi su farka. Ta yi imani akwai ƙwayar gado guda da ke tashin sauran. Don ta tabbatar, ta raini wasu ƙwayoyin da aka cire musu wannan gudar. In hasashenta daidai ne, waɗannan ba za su motsa ba.

Saura mako biyu ta kare aikinta gaban masu jarrabawa sakamako ya fito. Waɗanda aka cire wa ɗin ma sun farka sarai. Aikin shekara biyu ya rushe ke nan.

Abokin karatunta Mas'ud, sarkin neman sauƙi, ya ce, "Ki jefar da farantin nan. Wa ya gani?"

Najiba ta sha kuka, gaskiya. Mahaifinta Malam Yahuza ya riga ya baza wa duk Daudawa cewa bana za ta gama. Ta kira shi ta faɗa masa komai.

Ya ce, "Ɗiyata, in kika ɓoye, mi za ya faru?"

"Zan gama, Baba. Amma masu neman maganin kumburin za su bi hanyar da ba ita ba."

"To mu masu feshin ai mu za ki cuta. Ki kai ma malamarki sakamakon."

Ta ajiye sakamakon gaban malamarta Dakta Hamida. Aka ƙara mata shekara guda. Tana ji tana gani 'yan ajinsu suka sa rigar yaye, ita tana cire ƙwayoyin gado ɗaya bayan ɗaya. A ta bakwai ne farantin ya yi tsit, ta gano ainihin mai tashin sauran. Ni dai wannan haƙuri ya burge ni.

Ranar kare aikin, baƙon farfesan da ya zo jarrabawa ya tambayi wanda ya gano kuskuren farko.

Dakta Hamida ta ce, "Ita ta kawo ƙarar kanta. Shi ya sa duk lambar da ta rubuta nake sa hannu ban sake dubawa ba."

Darasi: Gaskiyar da ta rushe maka aiki ta fi ƙaryar da za ta cuci waɗanda suka dogara da kai. Ku tura wa ɗalibin da kuka sani.