Ɗacin da ba daga tukunya yake ba

Akwai wata mata mai gidan abinci a bakin tashar mota, kowa Inna yake ce mata. Shekara ashirin tana dafa shinkafa da miya a ɗaki guda mai benci huɗu. Direbobi har cewa suke ko ido a rufe za su gane miyarta.

Hayaƙi da turiri sun ci idon Inna. Kullum ji take kamar an watsa mata yashi a ciki. Ɗanta ya kai ta asibiti, likita ya ce bushewar ido ce, ya rubuta mata maganin ɗigawa, safe da yamma.

Na safen a kicin take ɗiga shi, a tsaye, idan miya ta kusa nuna. Ta ɗaga kai, ɗis, ɗis, ta goge da bakin ɗankwali, sai ta ɗauki ludayi ta ɗanɗana.

Rannan ta ɗanɗana ta yamutsa fuska.

"Miyar nan da ɗaci."

Ta ƙara gishiri, ɗaci na nan. Ta barbaɗa sukari, yana nan. Ta ƙara wani.

Da rana wani direban babbar mota, tsohon mai cin abincinta, ya kai loma ɗaya ya ajiye cokali.

"Inna, yau miya kika yi mana ko shayi?"

"Sigari ya kashe maka harshe, ɗan nema. Tun kana yaron mota nake dafa miya."

Aka yi dariya, amma rabin farantin ya bari.

Kullum haka. Inna ta sauya mai, ta sauya wurin sayen tattasai, ba ta sauya zani ba. Cikin mako biyu benci huɗu ya koma ɗaya, sauran masu cin abincin sun tsallaka wurin mai abincin da ke fuskantarta. Shinkafa tana kwana a tukunya.

Matar ɗanta ce ke yi mata wanke-wanke, yarinya ce marar magana, ko ido ba ta iya haɗawa da surukarta. Kanta laifin ya faɗa.

"Ke, sabulu kike bari a tukunyata! Fita min daga kicin, ki tsaya kwashe kwanuka. Idan aka rufe wurin nan, ke ce."

Yarinyar ta ce, "Ki yi haƙuri, Inna," ta fita.

Inna ta wanke tukunyar da hannunta. Ɗaci bai tafi ba.

Daga bakin ƙofa inda take jiran kwanuka, yarinyar tana kallo. Ta lura da asuba Inna takan sha ruwa lafiya lau. Amma da ta ɗiga magani, jim kaɗan sai ta hau kakari tana tofar da yawu, tun ba ta taɓa ludayi ba.

Ta san idan ta faɗa da baki, cewa za a yi ta raina harshen uwar mijinta. Sai ta bari har gari ya waye.

Da safe ta kawo ruwa a kofi. Inna ta sha rabi. Yarinyar ta tsaya nan riƙe da kofin har Inna ta ɗiga magani, aka ɗan jima, sannan ta sake miƙa mata.

Inna ta kurɓa ta tofar.

"Me kika zuba a ciki?"

"Ragowar na ɗazu ne, Inna. Bai bar hannuna ba."

Inna ta dubi kofin, ta dubi kwalbar maganin. Sai ta sauke tukunya ta yafa mayafi, ta ce yarinyar ta raka ta asibiti.

A asibiti likita ya yi murmushi.

"Mama, ai ran nan na fara gaya miki, kika ce kin bar miya a wuta. Akwai wata 'yar kafa daga ido zuwa hanci, maganin kan bi ta nan ya sauka maƙogwaro. Wasu sukan ji ɗaci a baki, wasu yaji a ido, wasu su ɗan ga dishi-dishi."

"To in jefar da shi?"

"A'a, idon na buƙatarsa. Idan kin ɗiga, ki rufe ido ki danna gefensa na wajen hanci da yatsa, ki ɗan jima. Idan ɗacin ya dame ki, ki dawo mu duba wani. Kada ki yanke hukunci ke kaɗai."

Suna dawowa Inna ta mai da tukunya kan wuta. Yarinyar ta nufi wajen kwanuka.

"Ina za ki? Zo nan, 'yata. Ɗanɗana min."

Yarinyar ta karɓi ludayin ta ɗanɗana.

"Ta yi, Inna. Kada a ƙara komai."

Inna ta kai hannu wajen gishiri, ta tsaya, ta janye.

Masu cin abincin ba duka suka dawo ba. Amma bayan kwana uku direban nan ya leƙo, ya ci, ya suɗe farantin.

"Inna, harshenki ya dawo ke nan?"

"Bai dawo ba tukuna. Na 'yata nake aro."

Darasi: Idan likita ya ba ki magani, ki zauna ki ji abin da zai iya jawowa kafin ki tashi, kuma in kin ji baƙon abu a jikinki ki koma ki tambaya. Kada a yi saurin ɗora laifi kan wanda ba ya iya mai da magana. Ku tura wa duk wanda kuka san yana ɗiga maganin ido.