Mai Gadin Tsohuwar Rijiya

Jama'a, ku matso ku ji. A wani gari an yi wani bawan Allah, Malam Barmo, mai gadin wani tsohon gida na tarihi. Cikin gidan akwai rijiya wadda kakannin garin suka haƙa. Shekara talatin yana buɗe ƙofa, yana zagayawa da baƙi.

Sai annoba ta sauka, hukuma ta ce a rufe gidan. Aka turo wani jami'i, Nafi'u, da waya, aka ce kullum da hantsi Malam Barmo ya riƙa zagaya gidan yana bayani, mutane na kallo daga gidajensu. Masu kallon ba su da yawa, kuma an ce duk wurin da ba a kallo za a rage masa ma'aikata.

Ku saurara nan. Rannan suna bakin rijiya sai wani mai kallo ya rubuto: "An ce ruwanta na maganin wannan ciwo, gaskiya ne?"

Nafi'u ya rufe bakin waya, ya ce, "Baba, kada ka ce e, kada ka ce a'a. Ce kawai kakanni sun san sirrinta. Gobe duk ƙasar nan za ta kalle mu."

Malam Barmo ya dubi wayar ya ce, "Ruwa ne, 'ya'yana. Na sha shi shekara talatin, kuma ina yin mura kamar kowa. Mai ciwo ya tafi asibiti."

Daga ranar aka karɓe masa bayani, aka bar shi da tsintsiya. Dattijo da furfurarsa! Bai yi ƙorafi ba.

Bayan kwana uku wani magidanci, Sallau, ya zo ƙofa da jarka, idanunsa jawur. Ya ce, "Baba, mahaifiyata ba ta iya numfashi. Kofi ɗaya na ruwan rijiyar nan, don Allah."

Wallahi da ya ba shi, da ya tafi yana sa masa albarka. Amma Malam Barmo ya ce, "Ɗana, in na ba ka, za ka zauna kana jiran ruwa ya yi aiki, ita kuwa ba ta da lokacin jira. Ajiye jarkar nan." Ya tsaya daga bayan ƙofa, ya kira masu motar asibiti da tsohuwar wayarsa, ya yi musu kwatancen gidan Sallau. Sallau ya tafi da fushi, ko sallama babu.

Tsohuwar ta yi mako biyu a asibiti, ta dawo gida da ƙafarta. Malam Barmo kuwa a shara ya ƙarasa aikinsa. Ba wanda ya ba shi lambar yabo.

To, 'yan'uwa, gaskiya ba ta da alkawarin a tafa maka a duniya, amma tana tsare rai. Kowannenmu a nan yana da waya a aljihu. Kafin ka tura wa iyayenka saƙon maganin da ba ka tabbatar ba, ka tuna akwai mai jinyar da zai yarda da kai. Allah Ya tsare harsunanmu da yatsunmu.